Jifan Mai Guga

Kawu, Allah ya jiƙansa, kurma ne tun yana ƙarami, wani zazzaɓi ne ya tafi da jinsa. Aikinsa ɗinka tambari a rigunan 'yan makaranta, a wani shago mai ɗaki biyu da ke bayan tashar mota. A shagon, kowa Kawu yake ce masa, har Uwar ɗaki mai shagon, wadda ta girme shi. Ya daɗe a kan tsohon keken ɗinkinsa, kuma da tafin hannu yake sauraronsa. In zare ya tsinke, rawar teburin takan canja, sai ya ɗaga ƙafa tun allura ba ta yi ɓarna ba.

Ana nan sai Uwar ɗaki ta sayo inji mai kwamfuta, mai ɗinka riga huɗu a lokaci ɗaya. Injiniyan da ya kafa shi ya nuna yadda ake zaɓar zane a ɗan allonsa, a ɗame yadi a cikin zobe, a danna. Kawu ya kama nan da nan, don akwai shi da ido. Matsalar ɗaya ce. In zare ya tsinke, injin yakan tsaya cak, ya yi ta wata siririyar ƙara har sai an zo. Ga shi a kan ƙafafun roba yake zaune, ko ƙasa ba ya girgizawa. Mai aiki kuwa ba tsayawa kallonsa zai yi ba, yana can teburin gefe ya ba shi baya, yana ɗame yadin gaba.

Uwar ɗaki ta tsaya a gaban Kawu, ta yi magana a hankali don ya karanta bakinta. Ta ce za ta gwada shi zuwa ƙarshen wata. Tsohon keken ta riga ta sayar, in bai iya da wannan ba, ba ta da inda za ta sa shi. Ya gyaɗa kai, ya yi mata murmushi. Da ya koma gida ya tura kwanon abinci gefe. Matarsa ta matsa masa, sai ya nuna mata da hannu: kunne, inji, ƙofa. Ta mayar masa da kwanon gabansa, ta nuna masa cewa ko korarsa za a yi, a kore shi da cikinsa cike.

Washegari injin ya tsaya, ya yi ta kuka, Kawu bai sani ba. Mai Guga, wata ƙatuwar mata da bakinta ba ya hutawa, teburinta na kallon bayansa. Ta ƙwala masa kira har muryarta ta shaƙe, sannan ta tuna da wa take yi. Sai ta dunƙule tsumma ta jefe shi a ƙeya. Ya juyo a fusace, ta nuna masa injin da baki.

Daga ranar aka samu hanya. Mai Guga ta tara ƙyallayen da Mai Yanka, mai yanka musu yadi, ke zubarwa, ta ƙulla su dunƙule-dunƙule, ta cika kwando. Inji na ƙara, sai jifa. Mai Yanka ma ya ce zai taimaka, amma hannunsa almakashi kawai ya sani. Jifansa na farko ya faɗa a kofin shayin Kawu, na biyu fanka ta kwashe. Mai Guga ta ce masa ya rufa wa kansa asiri, da irin wannan hannun ko kaza ba zai kora daga kan shanya ba. Wani lokaci babbar mota ce ke ja da baya a tasha tana irin ƙarar nan, sai Kawu ya sha jifa a banza. Ya je ya tarar da injin na aikinsa lafiya, ya dawo ya rama. Sun yi shawara kada Uwar ɗaki ta sani. Ita tana ɗakin gaba da masu sayayya, riguna kawai take gani suna fitowa, tana ta yabon Kawu.

Wata rana da hantsi Uwar ɗaki ta shigo da shugaban wata makaranta don ta nuna masa injin. Suna sa ƙafa zare ya tsinke. Mai Guga ko ɗaga kai daga guga ba ta yi ba, ta lalubo dunƙule ta sakar wa Kawu a tsakar kai, ta ce kamar yadda ta saba, “Tashi, tsoho, jaririnka na kuka.”

Uwar ɗaki ta dubi Kawu yana sosa kai, ta dubi ƙarƙashin teburinsa, ga dunƙulen tsumma birjik. Ta daure har baƙon ya tafi. Sannan ta dawo fuska a murtuke, ta ce ashe abin da ake yi wa bawan Allah ke nan a bayan idonta, don an ga ba zai iya kai ƙara ba. Ta ce Mai Guga ta zare wayar dutsen guga, ta ɗauki jakarta.

Mai Guga ta zare wayar, ta rataya jakarta a kafaɗa. Ta san in ta buɗe baki aikin Kawu ne zai tafi. Mai Yanka ya ƙura wa almakashinsa ido. Kawu bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya ga jaka a kafaɗa, ya ga yatsan Uwar ɗaki na nuna ƙofa. Ya tuna haya, ya tuna matarsa, ya kuma dubi Mai Guga tana neman takalminta a ƙarƙashin tebur.

Sai ya tare ƙofa, ya ɗaga wa Uwar ɗaki hannu ta jira. Ya je ya kunna injin, ya sa almakashi ya datse zare ɗaya da gangan, ya juya baya ya harɗe hannu. Injin ya tsaya, ya shiga kuka. Kawu na tsaye kamar an dasa shi. Ƙarar ta cika ɗakin, kowa na yamutsa fuska ban da shi.

Uwar ɗaki ta dubi injin, ta dubi dunƙulen tsumman da ke ƙasa. Can ta ce, “Wato tun ranar farko da jifa kuke tafiyar mini da inji?”

Mai Guga ta ce, “Kuma ban taɓa kuskure ba, ranki ya daɗe. Mai Yanka ne ke ɓata mana suna.”

Dariya ta ƙwace wa Uwar ɗaki har ta zauna a kan dilar yadi. Da ta share hawaye ta yi musu faɗa sosai, ta ce manya da su, baki ya gagare su sai jifa. Ta kira injiniya a waya. Ya ce ai akwai fitilar da ake haɗa wa injin, ba wanda ya tambaye shi ne. Da la'asar ya kawo ta da doguwar waya, ya kafa ta a kan teburin Kawu, daidai gaban idonsa. Aka datse zare, fitilar ta kama ja tana ƙiftawa, Kawu ya juya tun kafin Mai Yanka ya ajiye almakashi. Uwar ɗaki ta dafa injin, ta nuna Kawu, ta ce aikin nasa ne, ba sai an jira ƙarshen wata ba.

Matarsa tun daga tafiyarsa ta gane an dace, da ta hango shi a bakin layi. Ko takalmi bai cire ba ya fara ba ta labari a tsakar gida. Ya zama Uwar ɗaki, ya kumbura kumatu yana nuna ƙofa. Ya zama Mai Guga tana laluben takalmi. Ya zama injin ma, ya sandare yana buɗe baki yana rufewa, shi da bai taɓa jin yadda kukan yake ba. Ta yi dariya har tukunya ta kama a kan wuta, maƙwabta suka leƙo suna tambayar ko lafiya.