Allurar Tarwaɗa

Babban yatsan ƙafar Mijinyawa ya motsa. Sauda na tsaye a bakin ƙofa, ko jakarta ba ta ajiye ba, ta gani da idonta. Yatsan ya lanƙwashe a hankali, ya miƙe, sai ƙafar duka ta ɗauki rawa a kan katifa kamar wani ne ke jan ta da zare. Mai ƙafar kuwa rufin ɗaki yake kallo, bai ma san abin da ake ciki ba.

"Kin gani ko?" in ji A'i, matarsa, tana dariya tana hawaye. "Yayanki zai taka, Sauda. Wallahi zai taka!"

Tun daminar bara, da wata tifa ta banke shi a kan babur a hanyar Shadawanka, Mijinyawa bai sake jin komai daga ƙugu zuwa ƙasa ba. Likitoci sun ce lakar bayansa ce ta tsinke. Sauda ta durƙusa ta dafa goshinsa, ta ji shi zau kamar murfin tukunya.

"Yaya, kana jin ƙafar?"

"Ba na ji. Kaina dai ke sara. Amma A'i ta ce tana motsi."

Ta juya ga A'i. "Anti, me aka ba shi?"

"Ai maganinku ne. Na kifi."

* * *

Sauda ɗaliba ce a jami'a, tana digiri na biyu, kuma a kan tarwaɗa take bincike. A ɗakin gwajinsu sukan yanke jijiyar idon kifi, ya makance, su saka shi a ruwa su jira. Sannu a hankali jijiyar kan sake tohowa. Akwai sinadarin da jikin kifin ke fitarwa mai sa jijiya ta tsiro, akwai kuma wasu ƙananan ƙofofi a jikin jijiyar da ke karɓarsa. Ranar da kifinta na farko ya juyo yana bin yatsanta ta bayan gilashi, da murna ta dawo gida ta ba su labari a kan tuwo. Ta gaya musu cewa ɗan Adam ba haka yake ba, kuma aikin da sauransa da nisa. A'i ba ta riƙe wannan ba. Abin da ya zauna mata shi ne jijiya na tohowa.

Saboda haka da wata mota mai lasifika ta ratsa unguwarsu tana tallar allurar kifi mai ta da gurgu, A'i ba ta yi shawara da kowa ba, ta kai Mijinyawa aka yi masa.

* * *

Bayan azahar Sauda ta bi kwatancen A'i zuwa wani lungu a Ƙofar Dumi, wanda ko babur da ƙyar yake ratsawa. Ƙarni ne ya nuna mata gidan. A zaure ta tarar da mutane kwance rubda ciki a kan tabarmi, an yaye musu riguna, kowa da auduga manne a gadon bayansa. Ba mai magana, ba mai nishi. Ƙudaje ne kawai ke ƙara.

A tsakar gida akwai babban daro cike da jan ruwa. Ta leƙa, ta ja da baya. Tarwaɗu ne da aka cire wa kai, amma jikinsu na ta kaɗawa, suna gogar juna, ba su san sun mutu ba. Gefe guda wani mutum cikin farar rigar likita yana tace dakakken kan kifi da ƙyalle, yana zuƙa a sirinji.

"Ke ce 'yar jami'ar?" Ya yi murmushi. "Ni ne Dakta Sabitu. A'i ta ba ni labarinki. Ai aikinmu ɗaya, ku kuna rubutawa, ni ina warkarwa."

"Malam, abin da ke jikin kifi ba a matse shi kamar lemo. Ruɓaɓɓen ruwa kake ɗura wa mutane a laka. Kashe su za ka yi."

Bai fasa murmushin ba. "Ƙafar yayanki ta motsa ko ba ta motsa ba?"

"Zazzaɓin ne ke fizgar ta!"

Muryarta ta kai zaure. Da ta waiwaya, sai ta ga duk na kwancen sun juyo da kawunansu lokaci guda, kumatu a kan tabarma, idanu a kanta. Wani dattijo ya buɗe busassun leɓɓansa.

"'Yata, don Allah ki tafi. Kada ki korar mana shi."

* * *

Sauda ta kai ƙara wurin hukuma. Kafin su zo an kwashe komai, sai daron da aka kifar a bakin kwata.

Washegari wuyan Mijinyawa ya sanƙare. A asibiti aka ce cuta ta bi laka ta hau ƙwaƙwalwa. Bai ƙara gane kowa ba. Ƙafafunsa kuwa ba su huta ba, suna ta harbin ƙarfen gado, A'i na riƙe da su tana cewa, "Ku duba, tafiya yake son yi." Ranar Alhamis da hantsi suka tsaya.

* * *

Ana zaman makoki, wata mata mai suna Madina, wadda mijinta ya daɗe kwance da shanyewar ɓarin jiki, ta matso kusa da Sauda. Ta yi ta'aziyya, ta yi addu'a, sannan ta rage murya.

"An ce kafin ya cika ƙafarsa ta motsa. Gaskiya ne?"

"Ta motsa, Hajiya, amma allurar ce ta kashe shi."

"Kwanansa ne ya ƙare, Allah ya jiƙansa." Ta ƙara matsowa. "To mai allurar, ina ya koma?"

Daga kusurwar ɗakin, A'i, lulluɓe cikin mayafin takaba, ta yi magana ba tare da ta ɗago kai ba.

"An ce yana Ƙofar Ran. Bayan injin niƙa."

Madina ta maimaita a hankali don kada ta manta. Ta miƙe ta yi sallama, ta tsaya a bakin ƙofa tana laluben takalminta cikin tulin takalman 'yan gaisuwa.