Zanen Sada

Idan baƙo ya sauka a Daura yana neman shagon Malam Sada mai feƙe ƙarfe, ba a wahalar da kai wajen yi masa kwatance. Ce masa ake yi ya tsaya ya saurara. In ya ji wata ƙara mai shiga har cikin haƙori, ya bi ta, ba zai ɓata ba.

Daga injin feƙewa ƙarar take fitowa. Da zarar Sada ya ɗaure sandar ƙarfe tana juyawa, ya kara mata wuƙar injin, sai wuƙar ta kama karkarwa, sandar ta taya ta, su yi ta tsalle a jikin juna suna ihu. Abin da suke bari a jikin ƙarfen wasu ƙananan layuka ne kamar bayan kada. Duk wanda ya koyi sana'ar ya san wannan aibi ne, don sanda mai irin wannan tabo, in an ɗaura ta a inji, cinye boris ɗin da take juyawa a cikinsa take yi. Sada ma ya sani sarai. Amma masu injin niƙa na Mashi da Sandamu da Baure sun daɗe da yanke hukuncin cewa shi ne hatimin gwani, har suna suka sa masa, zanen Sada. Mutum zai karɓi aikinsa, ya goga farce a kai, in ya ji ƙirrr sai ya gyaɗa kai. In boris ya mutu kafin kaka kuwa, ai kayan zamani ne ba su da albarka.

Kunnen Sada ne ya fara gajiya da wannan ɗaukaka. A gida, matarsa Haulatu sai ta ɗaga murya yake ji, har maƙwabta sun san abin da za a dafa kafin shi ya sani. Ita ta tasa shi gaba zuwa asibiti, inda likita ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye cewa na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma yana ɗaure kaya. Ko ƙarar ta tsaya, ko ya kurmance.

Sada ya tsorata ƙwarai. Shekara da shekaru, duk lokacin da injin ya yi kuka rage masa gudu yake yi, kamar mai lallashin jariri, kukan kuma bai taɓa dainawa ba. Ran nan da ya dawo daga asibiti ransa a ɓace, ya ɗaura wata sanda, injin ya soma halinsa. Haushi ya kwashe shi, ya mayar da bel ɗin kan matakin gudu na ƙarshe, ya ce in fashewa zai yi ya fashe kowa ya huta.

Sai ƙarar ta ɗauke ɗif. A wannan gudun wuƙar ta daina cin karo da tabon da ta bari a zagayen baya, ta kwanta tana yanka sumul, ɓawon ƙarfe yana fita a nannaɗe. Da ya sauke sandar, har fuskarsa ya gani a jikinta. Ya zauna a kan benci yana shafa ta, idonsa ya cika da hawaye, don tunda yake bai taɓa yin aikin da ya kai wannan ba.

Washegari mai sandar ya zo, wani Mati mai injin niƙa daga Mashi. Sai da ya wuce shagon ya dawo, don bai ji komai ba. Ya karɓi sandar, ya goga farce, farcen ya zame shiru.

"Malam Sada, ina zanen?"

"Babu shi, Mati. Wannan ita ce mai kyau. Boris ɗinka zai daɗe."

"Haba Malam! Ni za ka ba 'yar kanti? Ko dai injin ne ya rasa ƙarfi kake ɓoye mana?"

Ya ajiye ta ya tsallaka titi wajen wani mai feƙe ƙarfen, Amadu, wanda injinsa ko a ƙasa ba a ɗaure yake ba, in yana aiki har tafiya yake yi. Kafin kasuwa ta zagayo labari ya kai ƙauyuka cewa hannun Sada ya mutu, zanen Sada na ainihi yanzu sai wajen Amadu. Sada ya wuni yana feƙe sanduna masu santsi ba mai tambayarsu, yana kallon mutanensa suna layi a ƙetaren titi, yatsu a kunne, fuska cike da gamsuwa.

Haulatu ta gane abin da yake saƙawa tun kafin ya furta.

"Malam, ka bar su. Ko koko da ƙosai zan sayar, mu ci. Kunne ɗaya ya rage maka."

"Ba ci ba ne, Haulatu. Cewa suke ban iya ba."

Ya ji ta sarai, don a kwanakin nan ko raɗa ta yi yana ɗan kamawa. Duk da haka da safe ya mayar da bel ɗin inda yake a da, ya ƙara zaro wuƙar waje don ta ji daɗin rawa. Injin ya kurma ihun da sai da tantabarun unguwa suka tashi. Kafin azahar Mati ya dawo da mutum biyu, yana cewa shi dama ya san gwani ba ya mantuwa.

Damina ba ta ƙare ba sunan Sada ya wuce inda yake a da. Masu niƙa sukan tsaya a gabansa suna goga farce suna zuba masa yabo, shi kuma yana kallon bakinsu yana cewa amin, ko me suka faɗa. Haulatu ta daina ɗaga murya, in abinci ya sauka taɓa kafaɗarsa take yi. Maƙwabta har ƙara suka kai wa mai unguwa saboda ihun injin, aka zo aka yi wa Sada bayani da hannu. Ya dubi injin yana ta juyawa, ya dube su da mamaki, ya ce ai tuni ya daina kuka.