Sunan Ɗan Fari

Maiwada bai taɓa faɗin sunan ɗansa na fari ba. Mun daɗe muna ɗaki ɗaya a unguwar Batha ta Riyadh, ni da shi, dukanmu direbobi, amma ko da suɓutar baki ban ji ba. Haka aka rene shi a ƙauyensu na wajen Gumel: ana kunyar ɗan fari, sai dai a ce "yaron nan". Ɗan nasa Zayyanu ya girma, ya biyo shi Riyadh aikin gini, ya faɗo daga bene, aka binne shi a nan. Har a addu'a, yaron nan ne.

Matar da yake tuƙawa, Madam Rosaura, 'yar Meziko ce, mijinta injiniya ne a aikin jirgin ƙasa na cikin gari. A ƙarshen Oktoba ta sa shi yawo daga Utaiƙa har Batha neman wani fure ruwan goro, sai a wurin Indiyawa aka samu. Da ya shigar mata da kaya falo, ya tarar ta shirya tebur: hotunan mamatanta, kyandirori, burodi mai sukari, har da kwalbar lemon da babanta ke so. Ta tsittsinke furen ta zuba shi tun daga bakin ƙofa, wai don mamatan su gane hanyar gida.

Da ya ba ni labari, dariya na yi. "Mamaci da burodi? Allah ya kyauta. Wanda ya tafi ai sai addu'a."

"Na gaya mata haka," in ji shi, ba alamar dariya. "Sai ta ce a wurinsu mutum bai gama mutuwa ba sai ran da aka daina kiran sunansa. Ta ce in faɗi sunan nawa, ta haɗa da nata."

"Ka faɗa?"

"Na ce mata yaron nan ne. Ta ɗauka mantawa na yi, Buraima. Da ka ga kallon da ta yi mini."

Raina ya ɓaci. Ina ruwan biri da gada? Ita ta ci bikinta, ta bar bawan Allah da ƙaya a zuciya. Uwar Zayyanu ta riga shi rasuwa, shi kuma bai yi aure ba balle ya bar baya. In akwai mai kiran sunan, to tsohon nan ne.

Ba a jima ba aikin injiniya ya ƙare, kafil, ubangidan da ke riƙe da takardunsa, ya buga wa Maiwada huruj, fita ba dawowa. Ana gobe zai tashi, bayan la'asar, ya ce in kai shi maƙabarta.

"So nake in tsaya a kansa in kira shi. Sau ɗaya ma ya isa."

Kaburburan garin nan ba a yi musu rubutu. Dutse a kai, dutse a ƙafa, shi ke nan. Ranar jana'iza Maiwada ya riƙe cewa kabarin na layin ƙarshe, daga shi sai fili. To, mutuwa ba ta jira shi ba, filin ya cika har katanga. Muka yi ta zagaye, yana cewa nan ne, yana komawa. Tausayinsa ya kama ni har na kasa kallonsa.

Mai gadi ya ƙaraso yana kaɗa makullai. "Ma fi isim, ya Hajj. Kullu sawa sawa." Wato ba suna, duk ɗaya ne, ya yi addu'arsa daga inda yake.

"Malam Maiwada, bari ni in kira maka," na ce.

"A'a. Ba kai ka haife shi ba."

Ya gyara tsayuwa a tsakiyar duwatsun, ya juya gabas, ya juya yamma, bai san ina zai fuskanta ba. Ya buɗe baki. Na ga harafin farko ya zo har haƙoransa ya tsaya. Mai gadi ya ce yalla, wato mu tafi.

"Yaron nan," in ji Maiwada, da ƙyar nake jin sa. "Zan tafi gida."