Ƙyauren Zuciyar Tanimu

"Likita, don Allah ki sake ƙirgawa," in ji Tanimu. Yana kwance a gadon gwaji babu riga, ƙirjinsa duk man gwaji mai sanyi. "Wataƙila na'urar ce ta gaji."

Dakta Aminat, likitar zuciya da ke zuwa Kontagora daga Minna sau ɗaya a wata, ta juyo masa da allon. "Ga su nan, Malam Tanimu. Ɗaya, biyu, uku. Lafiyarka ƙalau."

Tanimu ya ɓata fuska.

Makonni shida da suka wuce ƙanensa Jacob ya yanke jiki ya faɗi a gonar masara a Kaboji. Da aka duba, sai aka ga ƙofar da jini ke fita daga zuciyarsa ƙyaure biyu gare ta maimakon uku, ta kuma tsuke, dole sai an yi masa aiki. Likita ta ce abin yana bin jini, a kawo mata 'yan uwansa. Ɗazu aka duba ƙanwarsu Salome, ita ma biyu, sai dai nata da sauƙi. Nan take a kan bencin jira suka tuna mahaifinsu, wanda ya rasu a zaune yana ɗaure bakin buhu. Salome har da ƙwalla. "Ashe gadon Baba ne," ta ce.

Shi kuwa Tanimu, babban ɗa, gajere cikin dogaye, tun yana yaro ake tsokanarsa wai a kasuwar Rijau aka tsinto shi. Yau ga na'ura ta goyi bayan masu tsokana.

"Ba kowa ke ɗauka ba," likitar ta ce, tana matsa abin gwajin zuwa ƙasan wuyansa. Sai ta dakata. "Af! Kai ma kana da naka. Babbar jijiyar nan, inda ta lanƙwasa, rassa uku take fitarwa. Taka biyu daga ciki tushe ɗaya suka haɗa. Ba ciwo ba ne, mutane da yawa haka suke. A littattafanmu ana kiran wannan irin na shanu."

"Na me?"

"Suna ne kawai. Shanun ma ba haka tasu take ba."

Bai ji ƙarshen ba. Ya sauko, ya zura riga a baibai, ya fita. Mahaifiyarsu, Mama Christiana, tana zaune a baranda tana ɓare wa Jacob gyaɗa. Tanimu ya durƙusa gabanta.

"Mama, shekarata arba'in da bakwai ban taɓa tambayarki ba. Yau ki faɗa mini gaskiya. Su biyu-biyu irin na Baba, ni uku. Kuma an ce akwai saniya a ciki."

Wani dattijo mai hawan jini ya matso da kujerarsa.

"Yaya, tashi mana, ana kallonmu," Salome ta ce.

Tsohuwar ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga zanenta, ta dube shi daga sama har ƙasa. Kafin ta buɗe baki likita ta leƙo. "Wannan ce mahaifiyarku? Ai ita ya kamata in fara dubawa. Mama, bismillah."

Minti ashirin Tanimu yana safa da marwa a bakin ƙofa. Da aka kira su ciki, Mama tana gyara ɗankwali.

"Biyu ne," likitar ta ce. "Shekara saba'in tana yawo da shi. Za mu riƙa dubata duk wata shida."

Jacob ya fashe da dariya har sai da ya dafe ƙirji, aka zaunar da shi.

Tanimu ya yi ajiyar zuciya, fuskarsa ta washe. "Ke nan, Likita, ni ne na ɗauko Baba?"

"Ban taɓa ganin zuciyar mahaifinku ba."

"Amma dai zai yiwu?"

"Ƙyale shi, 'yata," Mama ta ce. "Ɗazu ba ɗan ubansa ba ne. Yanzu jira nake ya ce ba ni na haife shi ba. Kwana biyu na yi ina naƙudar wannan ƙaton kan."

Likitar ta rubuta takardar tura Jacob babban asibiti, ta miƙa wa Tanimu, tunda shi zai raka shi. Ta kuma ja kunne: kada Jacob ya ɗauki abu mai nauyi, kada Mama ta wahala, Salome ma ta bi a hankali.

A bakin ƙofar asibiti Mama ta sauke ƙullinta a gaban Tanimu. Salome ta ɗora kular abinci a kai. Jacob ya cire jakarsa ya rataya masa a wuya, ya ce, "Sannu, Yaya, mai lafiya."

Babur ɗaya ne a wurin, aka ɗora Jacob da Mama. Tanimu ya aza ƙullin a ka, ya bi Salome a ƙasa zuwa tasha. Sun yi nisa kafin ya tambaye ta a hankali ko za ta iya barin zancen saniyar nan a Kontagora.

"Ai tuni na buga wa matarka waya," ta ce.