Ƙafa Ashirin a Takarda

Shefali tana tsaka da kwashe shinkafar rana sai ɓarɓashin siminti ya faɗo cikin tukunya. Ta ɗaga kai. Tsagar da ke rufin ɗakin, wadda makon jiya ta tsaya daidai fanka, yau ta wuce ta, ta doshi kusurwar da gadon 'yarta Rumki yake. A sama iska ta sake bugun allon tallan da ke kan rufin, ƙarafansa suka yi ƙugi, har sai da ta ji a haƙoranta.

"Ya sake motsi," in ji surukarta Anowara daga kan tabarma. Shekara biyu rabon tsohuwar da sauka daga benen saboda ciwon gwiwa.

"Iska ce kawai, Inna."

Shekara goma sha ɗaya suna haya a hawa na uku, na ƙarshe, na wannan tsohon bene mai kallon babban titi. Wata huɗu da suka wuce mai gidan, Haji Mokbul, ya ba wani kamfanin talla hayar rufin. Aka huda shi wuri takwas, aka kafa ƙarafa, aka ɗora allon da ya fi gidan faɗi. Tun daga ranar zama ya gagari Shefali. In ta hau keken ɗinkinta, ƙafarta na kan keke, idonta na sama. Sau biyu tana ɓata wa mutane yadi. Ga damina ta matso, da guguwar da ke riga ta zuwa.

Da mijinta Tofazzal ya dawo daga tuƙin bas, ta nuna masa simintin a tafin hannu.

"Maman Rumki, ki bar maganar nan," ya ce yana cire takalmi. "Mutum ne da rufinsa. In kika matsa, mu za a ce mu tashi."

"To mu zauna har ya rufto mana?"

"Ina kika ga ɗaki kusa da makarantar yarinya? Ke dai ki janye gadon daga wurin."

"Na janye shi sau uku, Baban Rumki. Saura in kai shi titi."

* * *

A zuwanta na huɗu ofishin hukumar gari ne aka tura ta sashen ba da izinin alluna. Kafin nan ta zaga tebur ya fi goma, kowa ya ce ba nan ba ne. Wani tsohon akawu, Nitai Babu, ya daɗe yana kallon ta ta saman tabarau, sannan ya jawo fayil ya buɗe.

"Ga izinin nan, da hatimi. Ƙafa ashirin faɗi, goma tsayi."

"Na kan rufinmu ya kai ƙafa sittin."

"Kin auna?"

"Shekara ashirin ina ɗinka labule, Yallaɓai. Idona ya san awo."

Ya yi 'yar dariya, ya kurɓi shayi. "Apa," ya ce, wato yaya a harshensu, "mu nan takarda muke gani. A takarda ƙafa ashirin ne, ko a kan kejin kaji aka ɗora shi zai zauna."

"Injiniyan da ya sa hannu, ya hau rufin kuwa?"

Nitai Babu ya dubi ƙofa, ya rage murya. "Ya je ofishin kamfanin dai, an karɓe shi hannu bibbiyu. Hawa bene aiki ne." Ya turo mata farar takarda. "Rubuta ƙorafi. Ki ce akwai haɗarin rasa rai. In wannan kalmar ta shiga fayil, dole wani ya tashi daga kujera."

Ta rubuta. Ta sa sunan Rumki da shekarunta tara, ta sa gwiwar Inna. Ba ta gaya wa Tofazzal ba sai da ta dawo gida.

* * *

Bayan kwana goma sha biyu suka zo da hantsi. Tun daga matakala ta jiyo dariyar Haji Mokbul, yana gaba, injiniya na biye da shi. Injiniyan ya tsaya tsakiyar ɗakin, ya hau kujera, ya zura biro cikin tsagar. Biron ya shige har rabi.

"Gaskiya kika rubuta," ya ce. "Wannan rufin ba zai ga ƙarshen damina ba."

Shefali ta yi hamdala. Har ta juya za ta ɗora ruwan shayi, sai ya miƙo mata takarda. A buge take da na'ura, an riga an sa mata hatimi tun kafin a hawo. Hawa na uku bai dace da zaman mutane ba, a fita cikin kwana bakwai.

Ta karanta sau biyu. "Yallaɓai, allon fa?"

"Allon yana da izini. Wannan hawan ne ba shi da shi. A zanen da hukuma ta amince, gidan nan hawa biyu ne."

"Shekara goma sha ɗaya muna nan, ba wanda ya gani?"

"Ba wanda ya kawo ƙorafi," in ji shi, yana goge biron a hannun riga.

Haji Mokbul ya girgiza kai, ya ce wallahi bai so haka ba, ya ɗauke su tamkar 'ya'yansa, amma ba a jayayya da doka.

Da Tofazzal ya dawo ya karanta takardar, ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ci abincinsa. Da ma ya yi mata faɗa, da ta fi samun sauƙi.

* * *

Ɗakin da suka samu yana bayan gari, kusa da masu gasa bulo, sai an hau bas biyu kafin a kai makarantar Rumki. Ranar tashi Tofazzal ya goyo uwarsa ya sauko da ita a hankali, tana riƙe da wuyansa tana tambaya ko an ɗauko mata carbinta. Ba a ɗauko ba. Shefali ta koma.

Ta tarar har masu walda sun shigo. Sun cire ƙofa, sun shimfiɗa wayoyi, ɗaya yana bin ƙasan ɗakin da alli yana zana inda za a kafa ginshiƙan da za su tallafe rufin da allonsa.

"Apa, ɗan matsa," ya ce ba tare da ya ɗago ba.

Ta matsa. Ya zagaye inda ƙafarta take da alli. Ta zare carbin daga ƙusa ta fita. A matakala ta haɗu da mutum huɗu suna hawowa da ginshiƙin farko, sabon ƙarfe mai kauri, fentinsa ko bushewa bai gama yi ba. Ta manne da bango har suka wuce.