Sulken 'Yan Tsakin Hajjo

Adawiyya ta zazzage adakar marigayi kakanta har ƙasa, babu sulke. Ƙarfe tara Malam Uwaisu zai zo daga kwaleji ya zauna a ajin da take gwajin koyarwa a Gwarzo, ya ba ta maki. Sau ɗaya yake zuwa, wanda ya kayar kuma sai baɗi. Ita kuwa ta riga ta rubuta a tsarin darasi cewa za ta kawo sulke na gaske.

"Hajjo! Ina rigar ƙarfen nan ta gado?"

"Tana bakin aiki," in ji kakar tata daga tsakar gida.

Adawiyya ta fito da gudu. Ga sulken nan an lulluɓe wani ɓulallen akurki da shi, 'yan tsaki tara suna ta tsiyu-tsiyu a ciki.

"Haba tsohuwa! Rigar da kakanninmu suka shiga yaƙi da ita?"

"To yanzu zaman lafiya ake? Shirwa ta ɗauke mini huɗu, ja'ira. Tunda na yafa musu wannan, sai dai ta kawo sura ta koma da yunwarta."

"Awa biyu kawai, Hajjo."

"Ko minti biyu. Inda sulke ya je, nan tsakina za su je."

Haka Adawiyya ta hau acaɓa daga ƙauyensu Mainika, rungume da akurki, ta rufe shi da zane.

Malam Uwaisu ya zauna a bayan aji, fuska ba annuri. Ta rubuta SULKE a allo ke nan sai zanen ya fara kuka. Aji ya ɓarke da dariya. Ta yi ta maza ta yaye zanen.

"Wannan shi ne sulke. Zobban ƙarfe ne aka sarƙa, fatake suka riƙa kawo irinsa ta Sahara. Mayaƙi yana sa shi don kada takobi ya sare shi. Wa ya taɓa jin an ce mota mai sulke?"

Hannuwa suka tashi.

"To me ya haɗa mayaƙi da motar sojoji da tsakin kakata?"

"Duk akwai mai son ya huda su, Malama!" in ji wata yarinya.

Malam Uwaisu ya taso, ya caka biro a jikin zobban, ya sake cakawa da ƙarfi. Biron ya tsage. Ya ari nata, ya daɗe yana rubutu.

Da aka tashi ya miƙo mata takardar, ta ga makin ta yi hamdala. Sai ya rage murya.

"Malama, kakar taki tana bayar da aro? Shirwa ta kusa ƙarar da nawa."

"Ba ta bayarwa, ranka ya daɗe," in ji Adawiyya tana gyara zanen. "Sai dai ka kawo su Mainika su zauna da nata."