Koriyar Fitilar Lifta

Lifta ta yi wata girgiza ta tsaya cak tsakanin hawa biyu, fanka ta mutu. Injiniya ce a ciki da mahaifinta, wanda ta matsa wa lamba sai ya zo ya ga ofishinta. Tsohon yana da asma, maganin shaƙarsa kuma yana can ƙasa cikin mota. Waya ba sabis.

"Danna abin naki na neman ɗauki mana," in ji Baba. "Ba ke kika haɗa shi ba?"

Ita ce kuwa. Aikinta ke nan: saƙo in ya bi iska, hayaniya kan ɓata masa wasu lambobi, sai ta ɗora masa lambobin tsaro yadda na'urar da ke karɓa za ta gane ɓarnar ta gyara da kanta. Amma ƙarin lambobi cin batir ne, shi kuwa Oganta a kan batir sai ya ɓata da uwarsa. Haka ta yi ta aske lambobin, har a lambobi "a kawo ɗauki" ya zama maƙwabcin "lafiya lau", saƙon da liftar ke aikawa kullum. A ɗakin gwaji komai sumul, don kurakuran da suke zuba wa saƙon ɗai-ɗai ne, masu ladabi. Na ramin lifta kuwa, inda wayoyin wuta ke tartsatsi, a jere suke zuwa kamar tururuwa.

Ta danna. Koriyar fitila ta kama, wato saƙo ya isa ɗakin mai gadi. Amma wanne? Wanda ta aika, ko maƙwabcinsa? Na'urar can ba ta iya cewa "ban gane ba, maimaita". An koya mata ta zaɓi mafi kusa, ta ja bakinta.

Baba ya zame ya zauna, ƙirjinsa na yin fito.

"Sun ji ko?"

"Sun ji, Baba."

"To, shi ke nan."

Ya lumshe ido hankali kwance. Da zaginta ya yi, da ya fi mata sauƙi. Ta sake dannawa, fitilar ta sake yi mata kore ba kunya. Zufa ta jiƙe mata baya.

Sai ta cire takalmi ta hau dukan ƙofar ƙarfen. Bugu iri ɗaya, ta tsaya, ta maimaita, ta sake maimaitawa. Maimaici zalla, tsarin da a ofis take kira almubazzaranci. Dunduniyar takalmin ta ɓalle, ta ci gaba da ragowar, tana jin numfashin Baba na ƙara sirancewa.

Can sai ga muryar mai gadi daga sama.

"Wai da mutum a ciki? Allon ɗakina fa ya ce lafiya lau!"

"Fasa gilashin farar mota, ka kawo maganin shaƙa! Kira mai gyara! Yi sauri, don Allah!"

Ihun ya sa Baba buɗe ido da ƙyar. Bai ji abin da mai gadin ya ce ba.

"Kin gani? Abin naki... ya kira shi."

Ta dubi koriyar fitilar, ta ɓoye takalmin a bayanta.

"Ya kira, Baba. Ja numfashi a hankali."